Ranar da Aka Daina Yi wa Yaya Hamisu Gardama

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka sallaci Yaya Hamisu a Harami bayan la'asar, muka kai shi makwancinsa. Da lissafin Hijira na faɗa. In da lissafin Bature ne da sauran 'yan watanni, kuma da yana raye da a kan wannan kaɗai za mu wuni, domin yayana bai taɓa barin magana ta fito daga bakin mutum ta wuce lafiya ba. Ko cewa ka yi yau ana zafi, sai ya ajiye almakashi ya dube ka ya ce kai har ka san zafi, ina kake shekarar da 'Yan Alli suka ɗauki kofi? Daga nan ka shiga uku, don hirar ƙwallo ta buɗe ke nan, kuma ba mai rufe ta sai ladanin magariba.

Bari in yi wa mai karatu na gida bayani, wanda bai san Makka ba sai tsakanin masauki da Harami. Mu jikokin mutanen da suka zo hajji da ƙafa ne. Kakanmu ya taso daga ƙasar Katsina, ya sauke farali, ya ce bari ya ɗan huta kafin ya koma, kuma hutun ne muke ciki har yau. A unguwar Mansur aka haife mu. Lokacin ƙuruciyarmu kwalejojin wannan yanki, na Makka da Jidda da Ɗa'if, suna da gasar ƙwallon ƙafa a tsakaninsu duk shekara. Ba a nuna ta a talabijin, jarida ma ba ta san da ita ba. Filin ƙasa ne mai tsakuwa, da wani dutse a bayan raga inda 'yan kallo ke hawa su zauna, a take wasa bayan la'asar a tashi kafin magariba. Amma da yake rabin 'yan wasan yaranmu ne na Mansur da Tandabawi da Utaibiyya, a wurinmu ba gasar da ta kai ta girma a duniya. Kwaleji biyu ne suka raba unguwa gida biyu. Ɗaya tana horar da malaman makaranta, muka sa musu 'Yan Alli. Ɗayar ta masu koyon inji da lantarki ce, su ne 'Yan Sifana.

Yaya Hamisu tela ne, shagonsa yana bakin titin Mansur, jallabiya yake ɗinkawa. Bai taɓa zama a ajin kwaleji ba. Abin da ya haɗa shi da 'Yan Alli shi ne wata shekara sun kawo masa rigunan wasa ya ɗinka musu lambobi a baya. Tun daga ranar ya daina cewa "su", ya koma cewa "mu". Mun ci, mun yi canjaras, alƙalin wasa ya cuce mu. A tsallaken titi kuma, daidai saitin shagonsa, akwai rumfar Nomau mai tsire, wanda Larabawan nan ke kira siriya suna ci suna hawaye saboda yaji. Nomau Bagobiri ne, shi ma ko ƙofar kwaleji bai sani ba, ɗaliban Sifana ne suka yi masa waldar murhun gashi kyauta, shi ke nan ya ba su zuciyarsa. Bakatsine da Bagobiri dama abokan wasa ne tun daga gida, sai ga ƙwallo ta zo ta ba su abin yi. Sun fi shekara ashirin suna gardama a kan tambaya guda: a tarihin gasar nan, kakar wasa ta wa ta fi?

Kakar da Yaya yake tinƙaho da ita ita ce wadda 'Yan Alli suka gama ba a doke su ko sau ɗaya ba. Suna da wani ɗan wasan gaba, yaron Tandabawi ne siriri, ana ce masa Guguwa. A wasan ƙarshe ya ci wata ƙwallo da Yaya ya rantse daga tsakiyar fili ya buga ta. Kuma duk wannan an yi shi ne a cikin zafin da, in ji Yaya, takalmin alƙalin wasa sai da ya narke.

Ta Nomau ta zo bayan shekara biyu, kuma da abin kunya ta fara. Kowa ya zo sai ya lallasa 'Yan Sifana, har wata ƙaramar kwalejin lafiya daga Ɗa'if wadda 'yan wasanta da magoya bayanta duk a mota ɗaya suke zuwa. Sai hutun mausim ya gitta, wato lokacin aikin hajji da komai ke tsayawa a garin nan. Yawancin yaran Sifana 'ya'yan talakawa ne, suka bazu neman na kansu, suna tura tsofaffin alhazai a keke tsakanin Safa da Marwa, kai da kawowa ba hutawa. Da aka dawo makaranta sai ga su da ƙwauri kamar taɓarya. Ba wanda ya ƙara tsayawa a gabansu. Suka haɗu da 'Yan Alli a wasan ƙarshe, aka yi ta fafatawa ba ci, sai gab da tashi wani ya zura ƙwallo guda. Nomau ya ce wannan ita ce ƙwallon da ta fi kowace tsabta a ƙasar Hijaz. Yaya ya ce satar gida ce ƙiri-ƙiri, kuma alƙalin wasa ya gani, sai dai yana riƙe da alwala tun la'asar, ya matsu a tashi.

To a kan wannan aka yi ta yi. Yaya ya ce wanda bai taɓa faɗuwa ba shi ne gwani. Nomau ya ce wanda bai faɗi ba bai san ƙasa ba, gwani shi ne wanda ya sha ƙasa ya tashi ya karkaɗe jiki. Yaya ya ce abin da Sifana suka yi ba ƙwallo ba ce, dako ne, ture mutane kawai suka koya a Marwa. Akwai benci a gaban shagon inda majalisarmu ke zama bayan la'asar, rabi na nan rabi na can, amma su biyun ba sa zama. Kowa yana bakin sana'arsa yana jefo magana ta saman motoci. Tsire ya sha ƙonewa a kan wannan. Na kuma san wani bawan Allah da ya yi sallar idi da hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo, saboda ana cikin awo Nomau ya ambaci Guguwa.

Ni kuwa, Sadisu, ƙaninsa, ni kaɗai ne a duk majalisar nan na yi kwalejin. Ni ɗan Alli ne na haƙiƙa, har ina cikin ƙungiyar, mai tsaron gida na jiran ko-ta-kwana, kuma ko-ta-kwanan ba ta taɓa kwana ba har na gama makaranta. Ina wurin lokacin da Guguwa ya ci ƙwallon nan. Daga ɗan bayan da'irar mai tsaron gida ya buga, ba ma da ƙarfi ba, ta yi karo da wata tsakuwa ta canja hanya ta shige. Na faɗi haka sau ɗaya a majalisa. Yaya ya cire tabarau ya ce, "Kai da kake benci me ka gani? Mu muna kan dutse." Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a gidanmu girma ne ya kori gani. Abin ya daɗe yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Nakan zauna yanzu gaban talabijin in ce da Yaya zai leƙo da me zai ce. Manyan 'yan wasan duniya da muke jin sunansu a rediyo, irinsu ne yau ke buga wasa a ƙasar nan, Jidda kawai za ka je ka gan su ido da ido. Wannan na san zai ce duk ba wanda ya kai Guguwa, a wuce wurin. Abin da zai ƙona masa rai shi ne na'urar nan da alƙalin wasa ke rugawa ya leƙa, a ja layi a kan allo, a ce ga kafaɗar wane ta wuce da ɗan yatsa, magana ta ƙare. Da akwai ta a zamaninmu, da abin da ya ciyar da abotar mutum biyu shekara da shekaru an kashe shi kafin a kira salla. Jikokinsa ma haka suke. Da an fara musu sai kowa ya zaro waya, a duba, a yi shiru. Wani cikinsu ya taɓa nemo mini kakar 'Yan Alli a wayarsa, ya yi ta latsawa, ya ɗago ya ce babu. Na ce ai na sani, a bakin kakanka take. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Yaya kam ya ji daɗin kowace bana, don bara yake taunawa a cikinta.

Ciwon ya fara masa da rama da kasala. Ya ce ƙwannafi ne. Ya yi gardama da likitan farko, ya yi da na biyu. Na uku bai tanka masa ba, sai ya ja babban ɗansa Faisal gefe. Faisal irin yaranmu ne haifaffun nan da Larabci ya fi kama bakinsu, ya same ni a barandar asibiti idanunsa jajur ya ce, "Ammi," wato baffana, "daktor ya ce halas, an gama. Ya ce hanta ce, mu kai shi bet, ya huta a gida cikin iyalinsa."

A al'adarmu, nan da can gida, ba a gaya wa mara lafiya irin wannan labari. 'Yan'uwa ne ke haɗiyewa, shi kuma a yi ta ce masa da sauƙi. Haka muka yi. Matarsa Zulai, wadda kowa ke kira Umm Faisal, ita ta ƙara da tata dokar. Ranar da 'yan majalisa suka zo dubiya ta farko, tun suna kan matakala ta tsayar da su daga bayan labule.

"Don Allah ku ji ni," in ji ta. "Ba a son ransa ya ɓaci. Duk abin da ya faɗa ku ce haka ne. Nomau, da kai nake musamman."

"Na jiya, Umm Faisal," in ji Nomau. "Ko ya ce rana daga yamma taka hitowa, haka na."

Kuma wa zai ga laifinta? Ladabin dubiya ke nan da aka koya mana tun muna yara: a sassauta murya, a taƙaita zama, ba a musu da mara lafiya. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa wannan mara lafiyar da musu yake numfashi.

Aka shiga, aka gaisa, aka zuba shayi. Yaya yana kwance a katifa, ya rame har wuyansa ya yi tsawo, amma da ya ga Nomau sai idonsa ya kawo haske. Ba a jima ba ya jefa ƙugiyarsa. Ya ce jiya ya yi mafarkin ƙwallon Guguwa, wadda ya buga daga tsakiyar fili. A rana irin ta kullum da tuni Nomau ya yi jifa da hula. Sai ɗakin ya amsa baki ɗaya, "Haka ne." Yaya ya bi fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ya san ruwa ba ya tsami banza. Sai ya ce ai yanzu ma ya tuna, bai kai tsakiya ba, daga bakin ragarmu ya buga ta. Aka ce haka ne. Ya ce ta fasa raga, ta tsallake dutse, sai a hanyar Jidda aka tsinto ta a bayan motar kankana. Wani dattijo cikinmu, Allah ya jiƙansa shi ma, ya ce, "Allahu akbar, na ji an faɗa." Nomau kansa yana ƙasa, yana murza hula a hannu kamar mai wanki, gumi yana bin wuyansa.

Sai Yaya ya kira sunansa. "Nomau. Kakarmu da taku, wacce ta fi?"

Nomau bai ɗago ba. Ya ce, "Taku ta hi, Hamisu. Ta kowane gehe taku ta hi."

Maganar da yayana ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana nema ke nan, ga ta an kawo masa har kan katifa. Bai yi murmushi ba. Ya ce, "To. Na gode da dubiya." Ya juya fuskarsa bango.

Da suka watse ya kira ni, yana nan yadda yake bai juyo ba. Ya ce me likita ya gaya wa Faisal? Na ce ya ce da sauƙi. Ya ce, "Ni za ka yi wa, Sadisu? Bagobiri ba ya sallama wa mai rai." Can ya ce, "Ba tafiyar nake tsoro ba, kowa da ranarsa. Amma ku bari in mutu tukuna kafin ku fara yi mini irin maganar da ake yi wa gawa."

Ashe sirrin da muka haɗa kai da likita muka rufe, ladabi ne ya tona shi. Garin neman gira muka rasa ido. Daga ranar Yaya ya daina cin abinci sai an matsa, ya daina hira. Masu dubiya suna zuwa da "haka ne" ɗinsu a baki, shi kuma da ya ji sallama sai ya rufe ido kamar mai barci. Na ce bari in gwada tawa. Na zauna kusa da shi na ce, Yaya, ƙwallon Guguwa fa tsakuwa ce ta taimake shi, na faɗa na ƙara faɗa. Ya buɗe ido ya dube ni ya ce, "Haka ne, Sadisu." Tun da uwarmu ta haife ni bai taɓa ce mini haka ne ba. Na fita kan matakala na zauna na yi kuka, tsoro ya kama ni sosai, don na ga za mu binne shi tun kafin Allah ya karɓi abinsa.

Umm Faisal ce ta warware dokarta da kanta. Ta fito da kwanon kunu da ya dawo yadda aka kai shi, ta ce, "Tun da aka kawo ni gidan nan nake roƙon Allah ya raba kunnena da Alli da Sifana. Ya amsa mini, kuma wallahi ba na so. Je ka kira mini Bagobirin nan, ka ce ya zo da bakinsa."

Na tarar da Nomau a gaban wuta yana juya nama, ido ya kumbura, ya ce hayaƙi ne, shi da ya tsufa a cikin hayaƙi. Shi mun gaya masa gaskiyar ciwon tun farko, don ba a ɓoye wa abokin kuka mutuwa. Na isar da saƙo. Ya girgiza kai ya ce, "Ba ni iyawa, Sadisu. Ka ga huskatai kuwa? Ƙaƙa zan yi ma mutum ihu shina wanga hali?" Na ce to ka zauna, jibi in an yi masa wanka sai ka zo ka ce haka ne. Ban san inda na samo wannan rashin kunyar ba. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya sauke naman daga wuta, ya ja ƙofar rumfa tun rana tana sama.

Ya yi sallama, bai ce yaya jiki ba. Ya zauna a bakin katifa da ƙaurin yajinsa ya ce wa bayan Yaya, "Hamisu, na zo amsar maganata. Rannan ƙarya niy yi, tausai kab ba ni. Da nit tahi gida na tuna kai ba abin tausai ba na. Ƙwallon Guguwa tsakuwa ta ci ta. Kuma kakarku duk ragwaye kunka iske, ko tsohuwa na cin kohi waccan shekara."

Can sai murya ta fito daga jikin bango.

"Tsohuwa?"

"Tsohuwa mai sanda."

"Sadisu, tashe ni zaune. Sa mini matashi biyu." Da na jingina shi ya ɗaga murya iyakar ƙarfin da ya rage masa. "Umm Faisal! A dawo da kunun nan. Bagobiri ya zo da ƙarya, ba a yi da yunwa."

Ba zan ce ya warke ba. Likita bai yi kuskure ba, kuma abin da ya rage masa bai kai wata biyu ba. Amma kullum bayan la'asar Nomau zai rufe rumfa ya hawo, 'yan majalisa su biyo shi, a raba ɗaki gida biyu. Aka tono alƙalin wasa da alwalarsa, aka tono kekunan Marwa, aka tono wasannin da ni kaina na manta an yi. Maƙwabcinmu na sama, wani mutumin Yaman, ya sauko wata rana ya ja ni gefe ya ce mu ji tsoron Allah, ba a fara rabon gado mai dukiya yana raye. Da muryar Yaya ta dushe sai ya koma yi da yatsa, Nomau yana faɗa yana kaɗa masa shi. Duk wanda ya shiga ɗakin nan a kwanakin ya san mutum ne ke shirin tafiya, amma ya san kuma bai tafi ba tukuna.

Ranar da jikin ya yi nauyi sosai, Nomau ya riƙe hannunsa ya yi abin da musulmi ke yi. Ya ce, "Hamisu, ka yahe mini." Sai da muka sunkuya muka ji amsar. "Na yafe maka duniya da lahira. Amma ƙwallonku satar gida ce." Nomau yana hawaye ya ce ba ita ba ce. Yaya ya ce akwai ranar hisabi. Nomau ya ce to ka tanadi shaidu. Bai ƙara kwanaki da yawa ba ya cika, da kalmar shahada a bakinsa, alhamdu lillahi. A zaman makoki, da aka jera kujeru a bakin titi ana zagayawa da gahawa, Nomau ya wuce kai tsaye ya zauna a layin 'yan'uwa masu karɓar gaisuwa, kuma ba wanda ya ce masa ya matsa.

Yau filin nan babu shi. Gada ta bi ta kansa, dutsen da suke zama an fasa shi, motocin alhazai ke kwana a wurin. Shagon Yaya masu sayar da waya ne a ciki. Guguwa na gan shi bara a wani ɗaurin aure, ya yi teɓa, ya yi ritaya daga koyarwa, na tambaye shi ƙwallon ya ce wace ƙwallo? Umm Faisal kuma, wadda ta yi rabin rayuwarta tana tsine wa ƙwallo, yanzu ba wasan da ke wuce ta a talabijin, har jikoki sun taɓa kai ta filin wasa a Jidda tun da aka buɗe wa mata. Ta dawo ta ce ba laifi, amma ba su kai Guguwa ba, ita da ba ta taɓa ganinsa ba. Da Yaya ya ji wannan da ya ce a ƙara mata sadaki.

Watan jiya Nomau ya kwanta. Zuciya ce, yana gidan ɗansa a Utaibiyya. Muka tattara abin da ya rage na majalisa, ba mu cika mota ɗaya ba, muka tafi. A bakin ƙofa 'ya'yansa suka yi mana irin gargaɗin nan, kada a tayar masa da hankali. Muka ce mun ji, muna kallon juna. Dama da saƙo na zo daga Umm Faisal. Da na zauna na ce, Yaya Nomau, matar Hamisu tana gaishe ka, ta ce in gaya maka ƙwallonku satar gida ce.

Na gyara zama ina jiran tsawa. Sai ya dubi rufin ɗaki, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Satar gida ta, Sadisu. Ina bayan raga, na gani. Yaron ya wuce kowa. Tun rannan na sani. Ka ce mata Hamisu ad da gaskiya."

Na san wannan muryar, na taɓa jin ta daga jikin bango. Mutumin nan kayansa yake ɗaurewa. Ni da na sa rigar Alli, da lambar da yayana ya ɗinka da hannunsa a bayana, sai na ji bakina yana cewa, "Tsufa ya fara taɓa maka kai, Yaya Nomau. Ba satar gida ba ce. Akwai ɗan bayanmu da ya maƙale a gefen fili yana ɗaure takalmi, shi ya halatta ta. Ƙwallo ce mai tsabta, kuma kakarku ta fi tamu nesa ba kusa ba."

Ya juyo da kai a hankali. Ya ce, "Kai, ɗan Katsina, ni zaka koya ma kakarmu?" Na ce ƙwarai. Ya ce wa ɗansa ya ɗaga shi. Yaron ya dube ni kamar ya kira mini 'yan sanda.

In aka auna abin da Yaya Hamisu ya bari, ba mai nauyi ba ne. Bai bar gida ba, bai bar shago ba, kakar wasan da ya rayu yana yi wa shela ko a waya babu ita. Abin da ya bari shi ne 'yan tsofaffi ƙalilan a Mansur waɗanda suka koyi cewa mara lafiya yana buƙatar addu'a da magani, yana kuma buƙatar wanda zai ɗauke shi mai rai har ya ƙaryata shi. Ina kewarsa ƙwarai, har da cin fuskar da yake yi mini. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da iyayenmu a gidan rahama. Yaya, in labari yana isa gare ku, ka yi haƙuri da abin da za ka ji. Ƙaninka ya zama ɗan Sifana, Bagobirinka ne ke kare maka magana da ƙarfinsa kullum bayan la'asar, kuma tun da muka fara yana shanye kununsa.